Takalma huɗu da Knock Off ya cire min

Har yanzu abin yana min ciwo, shi ya sa nake rubutawa tun da zafinsa. 'Yar gasa muka haɗa tsakaninmu a Pokémon Showdown, shafin intanet da ake karawa da dabbobin wasan Pokémon shida-shida, a rukunin ƙa'idojin da ake kira OU na Smogon, samarin Kawo da wasu daga Tudun Wada, kowa da wayarsa. Ni an san ni da wasan tsaro. Tawagata Blissey ce da Toxapex da Dondozo da Clodsire da Gliscor da Corviknight, kuma wasannin farko sun tafi yadda nake so: a zuba wa mutum guba, a zauna, jininsa ya ƙare da kansa.

Wanda ya fitar da ni ƙanin wani abokina ne. Samurott na Hisui ya fara turowa. Duk mai wasan tsaro Dondozo zai sa masa a gaba, ni ma shi na sa. Yaron bai damu da ya kashe shi ba, Knock Off kawai ya danna, dukan da ke cire wa dabba kayan da take riƙe da shi, takalmin Heavy-Duty Boots mai kare ta daga tarkon da aka shimfiɗa a fili ya faɗi. Samurott ya fita, da ya dawo na tura Toxapex, shi ma takalmi ya tafi. A tsakani yana ta sakin Ceaseless Edge, wanda duka ne amma duk saukarsa sai ya bar shimfiɗar ƙaya ɗaya a filina. Kafin wasa ya yi nisa ƙayoyi uku sun cika, ga duwatsun Stealth Rock a kai, sauran takalman biyu ma sun bi sahu ta hannun Great Tusk ɗinsa.

Ku yi lissafin da kanku. Ƙaya uku tana cin kashi 25 cikin 100 na jini a kowace shigowa, duwatsun kuma 12.5, jimilla 37.5. Regenerator, baiwar Toxapex ta warkar da kansa, kashi ɗaya bisa uku na jini yake mayarwa idan ya fita. Ke nan dabbar da na gina komai a kanta, wadda aikinta shiga da fita ne, duk zuwa ɗaya asara take yi ko ba a taɓa ta ba. Ina kallon koren layin jinin yana komawa ruwan ɗorawa alhali yaron bai yi wani duka na kirki ba.

Na ce to Corviknight ya share fili da Defog. Ina danna shi, sai ga Gholdengo ya shigo, baiwarsa ta Good as Gold, mai tare duk dabarar da ba duka ba, ta shanye shi, babu abin da ya motsa. Rapid Spin ma, ɗayar dabarar share fili, da ina da shi ba zai taɓa Gholdengo ba, tunda nau'in fatalwa ne. Wallahi a nan jikina ya yi sanyi. Yaron ya ɗago kai ya ce, "Yaya, ka yi haƙuri, ai tunda takalman suka cire an gama." Cikin ladabi ya faɗa, kuma gaskiya ya faɗa.

Abin da ya ƙarasa ni shi ne PP, wato adadin sau nawa za a iya amfani da dabara ɗaya. Tun fitowar wasannin Pokémon Scarlet da Violet a 2022 aka rage dabarun warkewa su Recover da Roost da Soft-Boiled daga 16 zuwa 8. A da mutum zai iya zama yana warkewa har abokin karawa ya gaji. Yanzu kowace warkewa da ka kashe don cike gurbin ƙaya, ka cire ta ne daga wadda za ka buƙata lokacin da Gholdengo ya fara ƙara ƙarfin dukansa da Nasty Plot. Blissey ta ƙarar da nata takwas ɗin, ga dukanta na Seismic Toss ba ya shigar fatalwa, ta tsaya kawai tana shan duka.

Saboda haka duk mai gina tawagar tsaro, tun kafin ya zaɓi katanga ta shida ya tambayi kansa: wa zai karɓi Knock Off? Dole a samu wanda ko an cire masa kaya bai damu ba. Gliscor na yi, da zarar kayansa Toxic Orb ya sa masa guba, baiwarsa ta Poison Heal na mayar masa da ɗaya bisa takwas na jini duk zagaye, ƙaya kuma ba ta taɓa shi tunda yana sama. Amma kar a tura shi gaban Samurott, ruwa ne ajalinsa. Can Corviknight za a sa ya sha, ko da zai rasa Leftovers, kayan da ke mayar masa da ɗan jini duk zagaye. Kuma a yanke wannan tun a allon farko da ake ganin tawagar juna, ba sai takalmi biyu sun tafi ba.

Yanzu ina gwada Weezing na Galar a madadin Clodsire, domin baiwarsa ta Neutralizing Gas tana kashe Good as Gold, Defog ya wuce ko Gholdengo na tsaye. Filina ya fi tsabta, amma na rasa Unaware ɗaya, baiwar Clodsire da ba ta la'akari da ƙarin ƙarfin abokin karawa, nauyin masu ƙara ƙarfi da Calm Mind duk ya koma kan Blissey. Na riga na aika wa yaron cewa ina son mu sake karawa da tawagarsa ɗin nan, kar ya canza ko ɗaya.