Tarihin Rayuwata, Kashi na Tara: Zanen Aro

A makon jiya na tsaya ne a inda na sayar da kasona na gonar gado. Masu tambayar me na yi da kuɗin, to waya na saya, da layi, da lema, da teburin roba da kujeru biyu. Da labari ya kai kunnen Baffa sai ya aika aka kira ni, a gaban su Yaya ya ce, "Kai yaro, ka sayar da ƙasa ka sayi iska? Zanen aro ba ya rufe katara." Ban ce uffan ba, amma maganar nan har yau tana maƙale a wuyana.

Yaran yanzu ba za su gane ba. Kafin 2001 layukan waya a duk faɗin Najeriya ba su kai rabin miliyan ba, ga mutane sama da miliyan 100. A zamanin Obasanjo hukumar sadarwa ta NCC ta yi gwanjon lasisin wayar salula a 2001, kowane kamfani ya biya dala miliyan 285, MTN da Econet suka fara aiki a watan Agusta. Layi a lokacin sai wane da wane. Talaka kuwa sai ya zo ƙarƙashin lema irin tawa.

Akwai wata tsohuwa da ba na mantawa. Lambar ɗanta na rubuce a 'yar takarda, ta ƙulle a bakin mayafi, takardar har ta yi laushi. In na danna mata na miƙa, sai ta riƙe wayar da hannu biyu ta ɗaga murya, wai don yana nesa. Gaisuwa kaɗai takan cinye minti guda, ni kuma idona na kan agogo. 'Yan albasa su ba ruwansu da gaisuwa. Kafin su yi lodi sai sun kira Legas sun ji yadda kasuwa ta kwana. A da sai sun isa da kaya dillali ya yanka musu abin da ya ga dama, tunda ba mai komowa da albasa gida. Wannan Baffa bai taɓa lissafa shi ba, shi da ke cewa iska na saya.

Kuma fa shi ɗin ne yake turo yaro da lamba, a kira masa surukinsa, ba ko sisi. Inna ta ce in yi haƙuri, ƙanin uba uba ne. Na yi.

Da Glo ta shigo a 2003 da lissafin daƙiƙa, layi ya yi ta araha, kowa ya mallaki tasa, lema ta mutu. Na koma cajin waya da sayar da kati. Shekarun nan ba abin faɗa a cikinsu, aure ne da haihuwa da gyaran janareta.

Af, na tuna. A farkon 2023, lokacin canjin kuɗi, da takardar naira ta yi ɓatan dabo, ɗan Baffa na fari ya wuni a layi gaban na'urar POS ɗina. Na sallame shi, ban karɓi ladan cirewa ba, don dai ya je gida ya faɗa. Mutanen Kenya tun 2007 suke tura kuɗi ta M-Pesa da ƙaramar waya mai madanni, mu sai da wuya ta yi wuya muka koya.

Amma kwanan nan ɗiyata da ke karatun kwamfuta ta juya na'urar, ta nuna mini an rubuta ƙirar Sin ce. Ta ce, "Baba, wayar tasu, manhajar tasu, mu namu danna ne kawai. Ni rubutawa nake so in yi." Raina ya sosu, don muryar Baffa na ji a bakinta, ga shi ba ta ma san ya taɓa faɗa ba. Duk da haka kuɗin makarantar tata daga zanen aron nan yake fita.

Mako mai zuwa zan ba ku labarin yadda muka kwashe da Yaya a kan sauran gonar.