Yashica ta yi ƙwas: mako bakwai a kan 'yar roba mai kaurin milimita 2

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Daren jiya wajen ƙarfe 11 da rabi, an ɗauke wuta, tocila na bakina, na ja hannun fim na kyamarata Yashica ɗin nan da na dame ku da zancenta tun kafin azumi, sai na ji ƙwas! Na danna maɓalli, na sake ja. Ƙwas! Wallahi na maimaita ya fi sau 20, har maiɗakina ta leƙo daga ɗaki tana tambaya ko lafiya. Na ce mata lafiya lau, kyamara ce ta tashi. Har yanzu da nake rubutun nan tana gefena, jifa-jifa ina kai hannu ina ja don in sake ji.

Ga waɗanda ba su bi zancen daga farko ba, Electro 35 GSN ce, samfurin da ya fito a 1973, mai gilashin Yashinon 45mm f/1.7. Na same ta a hannun ɗan wani tsohon mai hoto a Fagge, mahaifin ya rasu, ana kwashe kayan shago. Naira dubu 30 na biya, har da jakarta ta fata da ta bushe ta yi ƙamas. Gilashin tas yake, ba hazo ba furfura. Sosan bayanta mai hana haske shiga ya narke ya zama baƙin danƙo kamar kwalta, wannan kuwa kun san aikin yamma ɗaya ne da sifirit da tsinke da auduga, ba sai na tsaya a kai ba. Batir ma na yi dabarar da kowa ke yi: tunda na asalin, PX32 mai zaiba, an daina yinsa, sai na jera ƙananan LR44 guda huɗu na masu agogo a cikin kwali da na naɗe, na cike ragowar tsawon da sifirin. Na danna maɓallin gwaji, tagar ƙirgen hotuna ta kawo haske. Na ce shi ke nan, an gama.

Ashe ba a fara ba.

Fim na farko Ilford HP5 ne, mai ASA 400, wato lambar saurin kama haskensa. Da na wanke, sai dodon hoton ya rabu gida biyu. Duk abin da na ɗauka a waje da rana, kasuwar Kurmi, bakin marina ta Ƙofar Mata, yara suna ƙwallo a lungu, ya fito raɗau, har na riƙa ɗaga shi ga fitila ina murmushi. Amma duk na cikin zaure da na inuwa da na bayan la'asar, fayau, kamar ledar da ba ta taɓa ganin haske ba. Hoton kakata a bakin ƙofar ɗakinta tana kaɗi yana cikin waɗanda suka tafi, kuma shi na fi so a fim ɗin gaba ɗaya.

Waɗancan da suka fito da kyau su suka ɓatar da ni. Na ce tunda tana ɗauka daidai da rana, ai mitar auna haske na aiki, ƙarfin batir ne bai isa ba idan haske ya ragu. Na canza batir sau uku. Na kankare wurin zaman batir da samfefa. Na sake sa fim na biyu, abu ɗaya ya sake faruwa. Kowane fim Naira dubu 18 ya iso min daga Legas, ban da kuɗin aike, ban da maganin wanke fim. Wannan ya yi min ciwo ƙwarai, domin kuɗin da na ware na wata biyu ne. Sai daga baya na gane abin da ke faruwa: idan wuta ba ta isa ga shota ba, wato marfin da ke buɗewa haske ya shiga ga fim, Electro 35 ba ta tsayawa, bugawa take a 1/500 na daƙiƙa kawai. To fim mai 400, ƙofar haske a tsuke a lamba 16, ranar Kano a tsakiyar ka, ai 1/500 ɗin shi ne daidai ko kusa da daidai. Kyamarar ba ta auna komai ba, rana ce ta rufa mata asiri.

Wanda ya warware min wani dattijo ne mai gyaran agogo, da na je sayen batir karo na huɗu. Ya ce a zamaninsa yakan taɓa kyamarori idan masu hoto suka kawo. Ya karɓe ta, bai ko buɗe ba, ya kara ta a kunne, ya danna, ya ja hannun a hankali. Ya sake. Sai ya ce, “Ɗana, wannan ai ba ta magana.” Na ce, “Baba, wace magana?” Ya ce irin wannan in tana da lafiya, da ka fara jan hannu za ka ji ta buga a ciki, in ka ji shiru to robarta ta mutu. Ya ce idonsa bai kai ya yi aikin yanzu ba, amma ya zana min wurin a bayan kwalin batir, ya kuma ara min ɗan awonsa na ƙarfe mai auna kauri. Allah ya saka masa da alheri.

Bari in tsaya a nan kaɗan, domin sai da na fahimci yadda aka ƙera ta sannan na daina jin haushinta. Lokacin da Yashica ta fitar da Electro 35 ta farko a 1966, yawancin kyamarori sifirin da haƙoran ƙarfe ne ke ƙirga musu lokaci, kamar agogo, kuma matakai ne ƙayyadaddu: 1/60, 1/125, 1/250 na daƙiƙa. Ita kuwa kai ka zaɓi ƙofar haske, sai maganaɗisun lantarki ya riƙe shota a buɗe har sai hasken da ya shiga ta 'yar tagar mita ya isa, sannan ya saki. Babu mataki, duk abin da haske ya nema tsakanin 1/500 da wajen daƙiƙa 30 shi za ta bayar. Babu allura, 'yan fitilu biyu ne kawai, a tawa masu siffar kibiya, ja ta ce haske ya yi yawa, rawaya ta ce hannunka zai girgiza. Shekara 10 cif kafin Canon AE-1 ke nan. Duk wannan hikima kuma tana rataye ne a kan sanda ɗaya da ke sauka idan ka danna maɓalli, tana tura wasu 'yan burushin ƙarfe su goga a kan layukan wuta ɗaya bayan ɗaya. Tsakanin sandar maɓalli da mai ɗauke da burushin aka liƙa 'yar roba. In ta narke, burushin ba ya sauka ya kai inda zai maƙale, wuta ba ta bi ta inda ya kamata. In tana nan, yana maƙalewa a ƙasa, da ka ja hannu sai ya kuɓuce ya tashi ya daki robar. Ƙwas ɗin ke nan.

Hanya biyu ce ta isa wurin: ko ka ɓare fatar gaba ka ciro gilashin da allonsa gaba ɗaya, ko ka cire murfin sama ka lallaɓa ta wani ɗan tsukuku. Na zaɓi ta sama domin fatar tawa tana da kyau, ba na son in yage ta. Abu biyu don Allah ku kiyaye. Kafin ku cire faifan ASA ku sa shi a lamba ɗaya ku ɗauki hotonsa da waya, domin 'yar ƙofa yake motsawa a gaban tagar mita, in ya koma a karkace duk awonku ya karkace. Sannan in kun kwance makoyin mayar da fim, kada ku kuskura ku rufe bayan kyamarar. Ni na rufe, sai da na lanƙwasa waya na yi ta lalube kafin ta buɗe.

Da na haska wurin, babu roba ko ɗaya, sai wani ɗan rawayan danƙo kamar busasshen ƙaro. Na kankare shi da allurar ɗinki da na lanƙwasa bakinta a wuta, minti 40 ina yi, ina gogewa da auduga, ina tsoron ɓarɓashin ya faɗa kan layukan wuta.

Daga nan wahalar gaske ta fara, wato samun abin da zai maye gurbinta. Kaurin da ake so milimita 2 ne, faɗin kuwa bai kai rabin ƙwayar wake ba. Na fara da robar tif na keke. Ba ta kai kauri ba, sai na haɗa biyu da gam. Ta yi ƙwas sau uku, a na huɗu ta sama ta zame ta faɗa cikin kyamara, na kwana ina girgiza ta a kan farin ƙyalle kafin ta fito. Na koma kan silifas. Yankan ya yi kyau, awo ya nuna 2 daidai, amma silifas laushi gare shi, da sanda ta danna sai ya lotsa, burushin ya tsaya gab da maƙalewa. Wani lokaci ta yi, wani lokaci ta ƙi, wannan ya fi shirun farko ban takaici. Na gwada fata, guntun da wani baduku ya ba ni kyauta. Tauri ya yi, amma ta shanye gam ta kumbura, kauri ya wuce, sai kibiya ja ta riƙa kamawa tun ban taɓa maɓalli sosai ba. A ranar na mayar da komai cikin gwangwanin alewa na rufe, na yi kwana tara ban kalle ta ba.

Abin da ya yi a ƙarshe robar kan famfo ce, baƙar nan mai tauri da masu gyaran famfo ke sawa don hana ɗiga. Naira 200. Ta fi kauri, don haka na liƙa ta a kan katako na yi ta gurzawa a samfefa mai laushi, ina aunawa, ina gurzawa, har ta sauko 2. Na yanka guda biyar da sabuwar reza don na san zan zubar da wasu, kuma na zubar da uku. Gam na masu gyaran takalmi na yi amfani da shi, ɗigo ɗaya a bakin tsinke, na bar shi ya sha iska kafin in kai. Kada ku sa gam mai kama nan take, gudu yake yi, in ya bi sandar ya daskare kun shiga uku. Na soki robar da bakin allura ta gefe, na zura ta a kwance, na ajiye ta a wurinta, na danna maɓalli a hankali ya matse ta, na zare allurar. Hannuna na rawa. Na bar ta kwana guda ban taɓa ba.

Wajen mayar da murfi kuma na tsinke siririyar wayar da ke zuwa mazaunin filasha. Wani yaro mai gyaran waya a Farm Centre ya liƙa min da dalma cikin minti biyu, ya ƙi karɓar kuɗi, sai dai ya ce in ɗauke shi hoto in ta tashi. Alkawari ne, yana nan.

Gwajin da ya sa ni kasa barci shi ne wannan. Bayan ƙwas, na buɗe bayanta, na sa ƙofar haske a 16, na kashe tocila, na danna. Shota ta buɗe ta tsaya. Ina ƙirgawa, ɗaya, biyu, har takwas, tana buɗe. Sai na kunna tocila na haska 'yar tagar mita, nan take ta rufe, tak. Tana cikin ɗauka tana auna haske! Na'urar da ta haura shekara 50, wadda ta sha ƙurar hunturu da zafin bazara a shagon da ba fanka. Tsigar jikina sai da ta tashi.

Wani ya riga ya yi min tayi tun tana kwance, wai yana tara su a kabad na gilashi, ya ce da baƙa ce, wato GTN, da ya ninka kuɗin. GTN da GSN cikinsu ɗaya ne, fenti ne kawai ya raba su. Ba na ganin laifin mai tarawa, da ba don irinsu ba da yawancin kayan nan sun tafi wurin 'yan gwangwan. Amma wannan mai ita ya ci abinci da ita, ta ɗauki amare da 'yan makaranta da mahaya ranar hawan sallah, kuma ni ban gurza robar famfo don ta zauna a kabad ba.

Saura fim ɗaya a firji, shi zan sa ranar Juma'a, kakata ce hoton farko, a inuwar nan dai da ta ɓace. Abin da ya rage: hoto biyu na ma'aunin nisa da ake gani a tagar leƙe suna haɗuwa ta gefe amma ɗaya ya ɗan fi ɗaya tsawo, kamar kaurin gashi. Ban so in sake cire murfin sama bayan abin da wayar nan ta yi min. Wanda ya taɓa daidaita na Electro a cikinku, a bar shi haka ko a taɓa? Sannan ruwan famfonmu yanzu ya haura digiri 30, ƙanƙarar fiya wata nake sawa in sauko da magani zuwa 20, amma kafin minti biyar ya fara hawa. Masu wanki a Sakkwato da Maiduguri, yaya kuke yi?