Yarana biyu da ciwon ciki: ɗaya aka yi wa gwajin H. pylori, ɗaya aka ƙi

Ciwon cikin ɗana na fari ya zo da alamomin da ba a wasa da su. A ƙahon zuciya yake kama shi, ya tashe shi daga barci tsakar dare, ga rama, ga ƙarancin jini da ya ƙi jin magani. Da bayan gidansa ya koma baƙi wuluk, likitar yara ta ce sai an zura masa na'ura mai kyamara ta baki. Aka ga gyambo a farkon ƙaramin hanji, aka ɗan tsinko naman tumbi aka auna, sai ga ƙwayar Helicobacter pylori.

Ni dai na taso da jin cewa yunwa da damuwa ke kawo olsa, don haka na yi ta tambaya. Ashe su kansu likitoci sun daɗe suna ganin babu bakteriyar da za ta rayu cikin asid ɗin tumbi, sai a 1982 da Barry Marshall da Robin Warren suka gano wannan a birnin Perth na Ostareliya. Da aka ƙi yarda da su, Marshall ya kurɓi ƙwayar da kansa a 1984, tumbinsa ya kumbura. A 2005 aka ba su lambar Nobel. Dabarar ƙwayar ita ce ta kewaye kanta da amoniya mai kashe kaifin asid, sannan ta nutse cikin majinar da ke rufe bangon tumbi.

Maganin na kwana 14 ne: omeprazole mai rage asid, da magungunan kashe ƙwayoyin cuta guda biyu. Nan aikin yake. Baki ya yi masa ɗaci, ciki ya ɗan ɓaci, kuma da ciwon ya lafa sai ya fara roƙon a bar shi haka. Ban bar shi ba, domin an gargaɗe ni cewa yanke magani a tsakiya kan bar ƙwayar da rai, ga shi a wurare da dama ta riga ta daina jin clarithromycin, ɗaya daga cikin magungunan da ake kashe ta da su. Bayan an gama, sai da muka jira mako 4, aka kuma dakatar da omeprazole mako 2 kafin gwajin bayan gida na tabbatar da cewa ƙwayar ta mutu, in ba haka ba sakamakon na iya cewa babu alhali akwai.

Daga baya ƙanwarsa ta fara kuka da ciki. Nata a kewayen cibiya yake, ya zo ya tafi, tana cin abinci, tana barcinta lafiya, ba ta rame ba. Da yake ƙwayar kan yaɗu a cikin gida ɗaya, galibi tun ana ƙanana, na nemi a gwada ta nan take. Likitar ta girgiza kai.

"Hajiya, ko na gwada na same ta, ban gano miki dalilin ciwon ba," in ji ta. Kusan rabin mutanen duniya na ɗauke da ita, kuma mafi yawansu ba sa jin komai. Idan babu gyambo, kashe ta ba ya tabbatar da cewa ciwon yaro zai tafi, shi ya sa ƙungiyoyin likitocin cikin yara na Turai da Arewacin Amurka suka ce kada a riƙa gwada yaron da ba shi da alamun haɗari. Gwajin jini kuwa, wanda iyaye suka fi gudu su yi, ya fi ruɗarwa: yana nuna cewa jiki ya taɓa haɗuwa da ƙwayar, ko da an riga an kashe ta.

A lokacin raina bai so ba, don uwa ta fi son a kama mai laifi da suna. Amma tambayoyin da likitar ta yi wa yarinyar sun fi gwajin amfani. Sau nawa take zagayawa a mako? Da wuya yake fita? Taurin bayan gida ne, tana kuma riƙe shi a makaranta. Aka ba ta maganin sassauta ciki, aka ƙara mata shan ruwa, ciwon ya ja baya.

Har yau ba a gwada ta ba, kuma ta yiwu tana da ƙwayar. Mun yi da likitar cewa in aka ga aman jini, baƙin bayan gida, rama, amai mai naci ko ciwon da ke hana barci, a kawo ta ba tare da jinkiri ba.