Godiya ga duk wanda ya sa hannu aka raba Dogo da gilashi

Assalamu alaikum warahmatullah. Alhamdu lillahi, Dogo ya tare a sabon gidansa ranar Asabar, jiya kuma aka turo min bidiyonsa yana cin abinci. A gaban jama'a na yi cigiyar mai taimako, don haka a gaban jama'a zan yi godiya. Yaba kyauta tukuici.

Ga wanda bai san labarin ba, Dogo kifi ne. Shekara 3 da suka wuce na saya wa yara shi a wani shagon kifin ado a nan Kano, tsawonsa bai wuce ɗan yatsa ba, yana ƙyalli, da baƙin layi a gefensa. Mai shago ya ce sunansa shak, kuma kada in damu, wai kifi daidai da gidansa yake girma. Na yarda, don na so in yarda. Gilashinmu, wato akwatin gilashin da muke ajiye kifayen a ciki, tsawonsa santimita 120 ne. Ranar da muka fitar da Dogo an auna shi, ya haura santimita 50. In zai juya sai ya lanƙwashe jiki kamar mai gyara kwanciya a ƙaramin gado. Ƙananan kifayen da ke tare da shi kuwa sun riƙa ɓacewa ɗaya bayan ɗaya, mu muna ta zargin kyanwa.

Abin da ya tayar min da hankali tsoronsa ne. A kunna fitila da dare, ko yaro ya gifta da gudu, sai ya zabura ya gabza wa gilashi kai, ka ji ƙum har tsakar gida. Hancinsa ya saɓule ya yi jajir. Wani dare ya ture murfin, ruwa ya jiƙa kafet da wayar wuta. Washegari uwargida ta ce, "Malam, ko kifin nan ya bar falon nan, ko gilashin ya fashe a kan yaranka." Gaskiyarta.

Godiyata ta farko ga malamin kiwon kifi da ya yi karatu a New Bussa, wanda ya taso takanas bayan la'asar. Bai taɓa ruwan ba. Ya durƙusa ya ce in ƙirga gashin bakin Dogo. Na ƙirga huɗu, gajeru. Ya ce tarwaɗarmu takwas gare ta, wutsiyarta a zagaye, ƙayar bayanta doguwa har kusan wutsiya. Wannan kuwa wutsiyarsa a tsage take, ƙayar bayansa a tsaye kamar tuta, abin da ya sa 'yan kasuwa ke kiransa shak ke nan. Jikinsa sumul, babu ɓawo ko ɗaya. Ya ce ba shi da dangantaka da shak na teku, ɗan uwan su tarwaɗa da kurungu da ragon ruwa ne, sai dai baƙo. Sunansa fangasiyus, asalinsa kogin Mekong da kogin Chao Phraya a kudu maso gabashin Asiya. A can yakan kai santimita 130, nauyi ya haura kilo 40. Manoman Biyetnam na kiwonsa a manyan tafkuna suna fitar da tsokarsa zuwa Turai da Amurka. Wato abin da na ajiye kusa da talabijin kifin kasuwa ne.

Shi ne ya warware min wani abu da ya daɗe yana ba ni mamaki. In an ɗauke wuta injin iska ya tsaya, sauran kifaye kan galabaita, Dogo kuwa sai ya taso sama ya haɗiyi iska ya koma. Ashe irinsu suna iya shaƙar iska kai tsaye. Da ba don haka ba, da tuni mun binne shi. Maganar mai shago kuma malam dariya kawai ya yi mata. Ƙuntataccen wuri yana tsumburar da kifi ne, yana naƙasa shi, ba ya mai da shi ƙarami.

Na gode wa waɗanda suka hana ni wauta. Ba zan ɓoye ba, niyyata in kai shi dam ɗin Tiga in sake shi, ina ganin na yi aikin lada. Aka nuna min baƙon kifi ba a zuba shi a ruwan da masunta ke ci daga gare shi, don ba ka san cutar da yake ɗauke da ita ba, ba ka kuma san abin da zai yi wa na gida ba. Masu cewa a yi farfesunsa kuma, na ji, na gode. Ku ne ba ku ga fuskar autata ba ranar da kawunta ya faɗi haka.

Babbar godiya ga Alhajin da ya karɓe shi, wanda ya roƙi kada in ambaci sunansa. Yana da kwamin siminti mai zurfi a gonarsa, da rumfa a kai, kuma akwai irin Dogo guda biyu a ciki, su ma haka aka kawo masa su. Wannan ya fi komai faranta min rai, don malam ya ce kifi ne mai tafiya cikin ayari, kaɗaici na ƙara masa firgita. Na tambayi Alhaji batun hunturu, tunda kifin ruwan ɗumi ne, ya ce yana rufe kwamin da leda in sanyi ya tsananta. Na ciro kuɗin abinci, ya ce, "Haba ɗana, mai da aljihunka."

Ranar tashi ba ta zo da sauƙi ba. Kwana biyu ba mu ba shi abinci ba, don kada ya ɓata ruwan a hanya. An hana mu sa raga saboda ƙayoyin gefensa na maƙalewa. Bayan sallar asuba muka rage ruwan gilashin saura kamar taƙi ɗaya, ni da ƙanena muka lallaɓa shi cikin jiƙaƙƙen zane. Bugu ɗaya ya yi da wutsiya, hular ƙanena ta faɗa ruwa, ni kuma ƙaya ta yage min babban yatsa. Muka sa shi a durom ɗin roba da aka yanke a kwance, da ruwansa na da, muka lulluɓe da baƙin mayafi don duhu na kwantar masa da hankali. Ƙanena, Allah ya yi maka albarka. Mai a-daidaita-sahun da ya ɗauke mu, wanda ya yi ta kauce wa ramuka kamar ya ɗauko mai naƙuda, Allah ya buɗa maka. A gona ma ba a juye shi nan take ba. Kusan minti 40 ana ɗibar ruwan kwami da kwano ana zubawa a durom, sannan aka karkata shi a hankali ya fita da kansa. Ya nutse ƙasa, kwana uku bai ci komai ba.

Uwargida, kin yi haƙuri da ƙarni da jiƙaƙƙen kafet, Allah ya saka da alheri. Maƙwabcinmu da ya ara mana durom, ka yafe mu, ba zai ƙara riƙe ruwa a tsaye ba, sabo na nan tafe.

Gilashin yana falo babu kowa a ciki. Auta ta ce kada a sa wani kifi sai ta je ta ga Dogo da idonta, Alhaji kuma ya ce mu zo ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci.