Abin da na kwaso daga zaman zane a Turai

Wa'adina a shirin da ke gayyatar masu zane su zauna su yi aiki a Turai ya ƙare, kuma tun da abokan sana'a sun dame ni da tambayar me tafiyar ta ƙara min, gara in faɗa sau ɗaya in huta.

Haske ne ya fara sauya min hannu. A arewacin Turai idan hunturu ya kama, rana ba ta hawa tsakiyar sama, a gefe take rarrafe, kafin ƙarfe biyar na yamma duhu ya rufe. Inuwa doguwa ce, bakinta ba kaifi. Ja da rawayan da na saba haɗawa sai suka riƙa yi min ihu a kan kanbas. Na koma toka-toka da shuɗi mai duhu, ba da niyya ba, ido ne ya ja hannu.

Daga nan rigimar ta taso. Shugabar shirin, wadda ita ke da wuƙa da nama a kan abin da za a rataya a baje kolin ƙarshe, ta leƙo ɗakin aikina, ta dubi sababbin zanen, ta ce ba don wannan aka gayyato ni ba. Wai "launukan Afirka" take jira. Ta zaɓi tsofaffin ayyukan da na zo da su a jaka ta sa aka rataya, wanda na kwashe zaman ina yi kuwa aka jingine bayan ƙofa. Takardar da aka liƙa kusa da sunana ba ta ce uffan a kan zanen ba, dogon labari ne kawai a kan inda na fito. Maƙwabcin ɗakina, ɗan ƙasarsu, ya yi ɗan yawo a kudu ya dawo da launuka masu walƙiya. Ranar buɗe taro ita ce ta tsaya gaban jama'a tana yabon yadda tafiya ta buɗe masa ido.

Abin haushin, ta fi ni sanin tarihin. Delacroix, mai zane ɗan Faransa, ya je Maroko a 1832, ya cika littattafan zanensa, ya ci gaba da ɗebo daga cikinsu har ƙarshen rayuwarsa a 1863. Matisse, shi ma ɗan Faransa, ya sauka birnin Tanja na Maroko a 1912, ruwan sama ya tsare shi a otal, da gari ya washe ya zana abin da yake hange ta taga. Paul Klee, wani mai zanen Turai, ya yi kusan mako biyu a Tunisiya a watan Afrilun 1914 tare da abokan sana'arsa August Macke da Louis Moilliet, kuma har yau ana ɗaukar wannan tafiyar a matsayin lokacin da launi ya buɗe masa. Ba wanda ya ce ɗayansu ya zubar da asalinsa. A littattafai, girma ake kiran abin da ya same su. Mu ne kaɗai ake so mu tsallaka teku mu koma yadda muka zo.

Wanda ya fi tsaya min a rai a lokacin shi ne Ibrahim El-Salahi na Sudan. Ya yi karatu a makarantar Slade ta Landan a shekarun 1950, ya koma Khartoum ya baje aikinsa, ya tarar bai taɓa zuciyar mutanensa ba. Sai ya juya ga haruffan Larabci da adon da suka sani, ya gina sabon salo a kai. A 2013 gidan zane na Tate Modern da ke Landan ya shirya masa babban baje koli na ayyukan rayuwarsa. Ya waiwayi gida, gaskiya ne, amma shi ya yanke shawarar, bayan ya dubi fuskokin masu kallo. Ba wata shugaba ce ta tsaya a bakin ƙofa ta umarce shi ba.

Sauran darussan ƙanana ne. Kafin ka sa hannu a yarjejeniya, ka nemi sanin wa ke zaɓen aikin da za a nuna, wa ke rubuta bayaninka, wa zai biya kuɗin dawo da kayanka. Ka shiga gidajen zane ranar da ba cunkoso, ka matsa kusa ka ga sawun burushi, don hoto a waya ba ya nuna kaurin fenti.

Zanen bayan ƙofa na kwance su daga katako, na naɗe na taho da abuna. A kansu nake ci gaba da aiki yanzu. Shugabar ta aiko saƙo kwanan baya tana neman hotona da 'yan kalmomin godiya don rahotonsu na shekara. Hoton dai na tura mata.