Tarihin Rayuwata, Kashi na 7: Takardun Turawa

Salamu alaikum 'yan uwa. Makon jiya mun tsaya inda na samu gurbin digiri na biyu a Jami'ar Ghana da ke Legon. To da na ce wa malamina ina son bincike kan launin fata da tarihin karatun boko sai ya ce ɗana, tafi ka karanta abin da Turawan suka rubuta da hannunsu tukuna.

Haka na fara hawa trotro, wato ƙaramar motar haya, daga unguwar Nima a Accra da sassafe zuwa PRAAD inda ake ajiye tsofaffin takardun gwamnati, fayil ya yi ja gefensa gara ta ci, kana buɗewa kura na shiga maka hanci amma wallahi ba na so a tashi. Makarantun boko na farko a ƙasar nan cikin kasul, wato manyan gidajen tsaro na Turawa a bakin teku, na Elmina da Cape Coast da Osu aka buɗe su, kuma yawanci 'ya'yan da Turawa suka haifa da matan ƙasa ake koyarwa, kun ga tun daga tushe fata ce ke ba yaro benci.

Abin da ya fi cin raina shi ne kwamitin Phelps-Stokes da ya zo daga Amurka a 1920 ƙarƙashin Thomas Jesse Jones, suka zo da tsarin Hampton da Tuskegee, makarantun baƙaƙen fata na Amurka, wai baƙin yaro noma da aikin hannu ya fi dacewa da shi. Noma ba abin kunya ba ne, amma wa ya ba su ikon yanke wa yaro iyaka tun kafin ya riƙe alli? Du Bois, masani baƙar fata na Amurka, ya yaƙi wannan tunani sosai, ga kabarinsa can a unguwar Cantonments a Accra. Aggrey kuwa, malami ɗan ƙasar nan, yana cikin kwamitin, kuma da shi aka kafa makarantar Achimota da aka buɗe a 1927, har yau ina girmama shi ina kuma jayayya da shi a zuciyata.

Mu 'yan zango fa da kyar na ga an ambace mu, alhali Alhaji Umaru na Kete Krachi da ya rasu a 1934 har waƙa ya rubuta kan zuwan Nasara. Da na gaya wa kakana ya yi shiru, sai ya ce jawo min akwatin can na ƙarƙashin gado. Abin da ke ciki shi ya sauya min take na binciken gaba ɗaya, mako mai zuwa in Allah ya yarda zan kawo muku.