Abin da ɗakin sanyin kifi ya koya mini game da wuƙar aljihu

Tunda na ajiye aikin sito, bari in bar wa masu shigowa abin da ba a faɗa musu ranar ɗaukar aiki. Yawancin wuƙaƙen da ke karyewa a ɗakin sanyi ba wurin yanka suke karyewa ba, wurin ɓamɓare kifi ne. Katan mai kilo 20 da ya kwana a digiri 18 ƙasa da sifiri yana zama dunƙule ɗaya, ballantana in wuta ta ɗauke ya ɗan saki kafin janareta ya tashi, sannan ya sake daskarewa. Mai saye yana tsaye yana son rabin katan, yaro ya zura tsinin wuƙa tsakanin kifi biyu ya murɗa, sai ka ji ƙas.

Dalilin a fili yake. An ƙera ruwan wuƙa ne don ya ɗauki nauyi ta kaifi, ba ta gefe ba, kuma wajen tsini kaurinsa bai kai milimita ɗaya ba. Duk ƙarfen da aka ƙara wa tauri don ya riƙe kaifi, gautsinsa ma ya ƙaru, sanyi kuma yana rage masa ɗan juriyar da ta rage. Shi ya sa mai tsada ta fi saurin ba ka kunya a nan. Ƙarfen wuƙar da ake kira D2, da taurinsa ke kaiwa wajen 60 a Rockwell, ma'aunin taurin ƙarfe, zai daɗe bai dakushe ba, amma yana yin giɓi in ya haɗu da ƙashi mai ƙanƙara. Ƙarfen wuƙaƙen kamfanin Victorinox, mai wajen 56, bakinsa lanƙwasa yake yi, ka gyara shi a dutse cikin minti biyu.

Maganin duk wannan bai wuce gudumar roba da ƙarfen ɓamɓara mai faɗin baki ba, a rataye su bakin ƙofa. Oga ya san haka sarai. An rubuta masa a takardar buƙatun sito, ya ce ba kuɗi. Amma duk wuƙar kamfani da ta karye, daga albashin wanda ta karye a hannunsa ake cirewa, kuma shi ne dai mai tsawa in an bar kwastoma yana jira. Kuɗin da aka yanke wa yara ya isa ya sayi gudumar da ninki. Shawarata ga sabon ma'aikaci ita ce, in ba a ba ka abin ɓamɓara ba, ɗaga katan ɗin ka sake shi a kan falet, wato katakon da ake jera kaya a kai, ta gefen kusurwa, dunƙulen zai tsage da kansa. In bai tsage ba, kira oga ya zo ya nuna maka da tasa wuƙar.

Abu na biyu shi ne ruwa. Ka fito daga sanyi zuwa zafin waje, nan take wuƙa ta yi gumi, har cikin mahaɗar da ruwan wuƙar ke juyawa. Ka koma ciki da ita haka, gumin ya daskare. Ko ta ƙi buɗuwa, ko kuma, wanda ya fi muni, ta buɗe amma ƙanƙara ta hana makullinta zama daram, ta naɗe maka a kan yatsa. Kafin ka yanka komai, danna bayanta da babban yatsa ka ji ta kulle. Mara makulli kuwa ba ta da wurin zama a wannan aiki, haka ma wadda sai da farce ake buɗe ta, don ba wanda zai riƙa cire safar hannu a ciki.

Kada ka zuba mata giris ko man gyaɗa. Giris yana kauri a sanyi, man gyaɗa kuma yana danƙo ya yi wari. Ɗigo ɗaya na farin man da aka yarda ya taɓa abinci ya isa, ka buɗe ka rufe sau goma, ka goge saura. Man keken ɗinki yana aiki in kwali da igiyar ɗaurin katan kawai take yankawa.

Rubutun da ke jikinta cewa ba ta tsatsa, kada ya ruɗe ka. Jinin kifi da gishiri suna cin ta in ta kwana da su. Wanke da ruwan ɗumi da sabulu, bar ta a buɗe ta bushe.

Mariƙin katako irin na wuƙaƙen kamfanin Opinel yana kumbura da danshi ya riƙe ruwan wuƙar gam. Na ƙarfe yana zuƙe ɗumin hannu. Robar arha tana tsagewa in ta faɗi a siminti tana da sanyi. Mariƙi mai kaushi na nailan ko G10, wani haɗin zaren gilashi da roba mai tauri, ya fi.

Wasa ta a kusurwar digiri 20 kowane gefe, 15 ya yi siriri ga wannan aiki. Kwali ya fi kifi dakusar da baki, don haka ware masa wata daban. Duba sukurun mahaɗa duk mako, yawanci sukurdireba mai bakin tauraro mai lamba T8 ke ɗaure shi. Masu tambaya ko sanyin hunturu yana karya wuƙa, ba ya yi, ko na Jos ne. Matsalar hunturu ita ce ƙurar da ke shiga mahaɗa ta haɗu da mai, tsohon buroshin haƙori yana fitar da ita.